SHARHI: Jami'o'i sun gano hanyar kula da masu taɓin hankali, amma har yanzu mari na ƙafarsu

A ƙarshen watan Satumban 2019 ne 'yan sanda suka kutsa cikin wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu ɗaure da mari, wasu da tabon bulala a gadon baya. Cikin makonnin da suka biyo baya aka bankaɗo irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya. Hotunan sun zagaya duniya, gwamnatoci sun yi tir, an rufe wasu gidajen, an kama wasu masu su.

Abin da hayaniyar lokacin ta danne shi ne cewa akasarin waɗanda aka kuɓutar iyayensu da danginsu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Wani shaye-shaye ya fi ƙarfinsa, wani ya daina barci yana magana shi kaɗai, wani kuwa gagara kawai ya yi. Uwar da ɗanta ya fara jifan mutane a kan titi ba ta da likitan da za ta nufa a ƙaramar hukumarsu, don haka sai ta nufi ƙofar da ta san a buɗe take. An rufe gidajen mari, ba a buɗe wata ƙofa a madadinsu ba.

A daidai wannan lokaci, masu bincike na Jami'ar Ibadan da takwarorinsu na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi a Ghana suna tattara sakamakon wani gwaji da ya shafi wannan tambaya kai tsaye: yaya za a kula da mai taɓin hankali a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, mutane kuma sun fi yarda da mai maganin gargajiya da mai addu'a? Amsar da suka samu tana da ƙarfi. Shekaru bayan wallafa ta, ba ta zama tsarin aiki a asibitocin gwamnati ba. Dalilin haka ya fi kusa da siyasa da kasafin kuɗi fiye da kimiyya.

Girman giɓin

Najeriya na da mutum fiye da miliyan 200, amma likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a cikinta ba su kai 300 ba, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Kowace shekara wasu daga cikinsu na ficewa zuwa Ingila da Kanada da ƙasashen Larabawa. A Arewa, manyan asibitocin ƙwaƙwalwa da aka daɗe da sani su ne na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri da na Dawanau a Kano, sai sassan da ke cikin asibitocin koyarwa. Mutumin ƙauyen Zamfara ko Yobe sai ya yi tafiyar yini kafin ya ga likita, ga kuɗin mota, ga kuɗin magani na wata da watanni.

Wani babban binciken ƙidaya da Jami'ar Ibadan ta gudanar a farkon shekarun 2000, a ƙarƙashin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya da Jami'ar Harvard ke cikin jagororinsa, ya ba da alƙaluman da har yau ake kafa hujja da su. Sakamakon da aka wallafa a 2006 daga yankunan masu jin Yarbanci ya nuna cewa kusan mutum 12 cikin 100 sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, kuma cikin waɗanda larurar ta yi wa tsanani, kimanin 8 cikin 100 ne kawai suka sami wani magani a shekarar da ta gabaci binciken. Ga kuma shaye-shaye: binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi cikin shekara guda.

Ko da a ce duk jami'o'in ƙasar sun ninka yawan likitocin da suke yayewa, kuma babu ɗaya da ya fice, za a ɗauki gomman shekaru kafin a cike wannan giɓi. Shi ya sa masu bincike suka karkata ga wata tambayar: wane ne ke kusa da mara lafiya a yau, kuma me za a iya koya masa?

Tsohon tunani daga Aro

Wannan tunani a Najeriya aka fara gwada shi. A 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Najeriya da ya yi karatun zamani, ya ƙirƙiro wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle marasa lafiya a ɗakunan asibiti, sai aka riƙa ba su masauki a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna komawa cikin jama'a da yamma. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su, abin da likitocin zamaninsa da yawa suka ɗauka a matsayin saɓo.

Daga nan ne aka sami ɗaya daga cikin haɗin gwiwar farko tsakanin masu binciken Najeriya da wata jami'ar waje a wannan fanni. Lambo da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka suka yi nazarin larurorin ƙwaƙwalwa a ƙasar Yarbawa, aka wallafa shi a 1963. Lambo ya kai matsayin Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya, duniya ta yaba da tsarinsa, amma a gida tsarin bai yaɗu ba. Dokar da ta ci gaba da aiki ita ce dokar mahaukata ta 1958, gadon mulkin mallaka, wadda ta fi damuwa da tsare mara lafiya fiye da warkar da shi.

Abin da gwaje-gwajen suka nuna

Gwajin Ibadan da Kumasi, wanda Farfesa Oye Gureje ya jagoranta, an wallafa shi a mujallar The Lancet a 2020. An ɗauki marasa lafiya 307 masu taɓin hankali mai tsanani waɗanda ke kwance a wuraren masu maganin gargajiya da gidajen addu'a. An raba wuraren gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A rukuni na farko, an horar da masu maganin tare da ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitocin da ke kusa, aka tsara ma'aikacin lafiya ya riƙa ziyartar wurin a kai a kai, yana duba mara lafiya, yana ba da maganin asibiti, yayin da mai wurin ke ci gaba da addu'arsa ko maganinsa matuƙar ba mai cutarwa ba ne. A rukuni na biyu ba a ƙulla wannan aiki tare ba.

Bayan wata shida, waɗanda ke rukunin farko sun fi samun sauƙin alamomin ciwon, sun kuma fi iya komawa harkokin rayuwa. Ɗauri da sauran hanyoyi masu cutarwa sun ragu daga kashi 57 cikin 100 zuwa kashi 9 a wannan rukuni. Abin lura shi ne a rukuni na biyu ma sun ragu, daga kashi 42 zuwa kashi 10. Wannan na nuni da cewa zuwan baƙin ido a kai a kai, da yi wa masu wuraren bayani cikin mutunci, na iya kwance mari da yawa ba tare da an turo motar 'yan sanda ba.

Shekara guda kafin nan, wannan tawaga ta Ibadan tare da masu bincike daga Birtaniya ta wallafa wani gwajin a kan ciwon damuwa, wanda aka yi da mutum fiye da dubu a ƙananan asibitocin Jihar Oyo. Ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na unguwa ne suka ba da kulawar, suna bin littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka daidaita da yanayin Najeriya. Bayan shekara guda, kusan kashi uku cikin huɗu na marasa lafiyar sun warware, kuma tsarin da ya fi sauƙi ya yi aiki daidai da wanda ya fi wahala. Ga gwamnan da ke lissafin kuɗi, wannan labari ne mai daɗi: abin da ake buƙata bai wuce horo da sa ido da magani a kan kanta ba.

Sakamakon wasu ƙasashe ya tafi a kan wannan layi. A Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda na Jami'ar Zimbabwe, da haɗin gwiwar masu bincike daga Landan, ya horar da dattawan mata masu aikin lafiya na unguwa su zauna a kan benci a harabar asibiti suna tattaunawa da masu damuwa, zama shida kowane mutum. A gwajin da aka wallafa a 2016 da mutum 573 a Harare, kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne suka rage da alamomin ciwon bayan wata shida, alhali a ɗaya rukunin kusan rabi ne. A Pakistan, inda al'umma Musulmi ce mai tsarin gida irin wanda aka sani a Arewa, Farfesa Atif Rahman na Jami'ar Liverpool ya horar da mata ma'aikatan lafiya masu shiga gida-gida a karkarar Rawalpindi su taimaka wa masu ciki da masu jego da ke fama da damuwa. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna ciwon ya ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da ɗaya rukunin, daga baya kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi tsarin ta yaɗa shi.

Me ya hana sakamakon isa asibitin unguwa?

Dalili na farko shi ne kuɗin ba na gida ba ne. Cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ce ta ɗauki nauyin gwajin Ibadan da Kumasi, majalisar binciken lafiya ta Birtaniya ta biya na Oyo, wata gidauniyar Kanada ta biya na Harare. Irin wannan tallafi yana da wa'adi, shekara uku zuwa biyar. A cikin wa'adin akwai kuɗin horo, da na man babur, da na mai sa ido da ke bibiyar aikin. Ranar da aka wallafa sakamako aikin mai bayar da tallafi ya ƙare. Daga nan sai a jira ma'aikatar lafiya ta ɗauka, ita kuma ba ta sa sisi a farko ba, ba ta kuma ware komai don ci gaba ba. Wanda bai sa hannu a shuka ba, da wuya ya damu da ban ruwa.

Ita ma wannan rijiya ta waje tana ƙafewa. A 2021 Birtaniya ta rage tallafin da take bai wa ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na kuɗin shigarta, aka yanke kuɗin ayyukan bincike da dama suna tsakiyar tafiya. A Fabrairun 2025 ta sanar da ƙarin ragi zuwa kashi 0.3 nan da 2027. A Amurka, gwamnatin Donald Trump ta rushe hukumar USAID a 2025, sannan a watan Mayun shekarar hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta dakatar da tsarin da jami'o'in Amurka ke bi su miƙa wani ɓangare na tallafinsu ga abokan aikinsu na waje. Ta wannan hanya ce jami'o'in Afirka da yawa ke samun kuɗin bincike. Duk jami'ar Najeriya da ta dogara da wannan ƙofa sai ta sake lissafi.

Dalili na biyu shi ne doka ta yi gaba, aiwatarwa na baya. Tun 1991 Najeriya ta rubuta manufar shigar da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin asibitocin matakin farko. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Dokar ta tanadi kare haƙƙin marasa lafiya, da kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya, da asusun kuɗi. Sai dai ƙananan asibitocin da ya kamata aikin ya gudana a cikinsu suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne. Dokar Abuja ba ta sayen magani a Ɗanbatta ko Illela sai gwamnan jihar ya ga dama. Ƙasar da ta yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya a sanarwar Abuja ta 2001, amma take yawo a kusa da kashi 5, ba ta bar wa ƙwaƙwalwa sai ɗan abin da ya rage, shi ma mafi yawansa manyan asibitocin tarayya ke cinye shi.

Dalili na uku ya shafi Arewa kai tsaye. Manyan gwaje-gwajen nan a Jihar Oyo aka yi su, saboda can ne aka shafe gomman shekaru ana gina tawagar masu bincike da ta iya neman tallafi da gudanar da shi. Masu bayar da kuɗi kan koma inda suka saba, don haka mai shi ake ƙara wa. Akwai ƙwararru a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Maiduguri da ta Jos, kuma suna wallafa nazarce-nazarce, amma gwaji mai girman na Ibadan na buƙatar kuɗi da ma'aikata na shekaru. Yankin da ya sha rikicin Boko Haram tun 2009, da 'yan bindigar daji, da garkuwa da mutane, da gudun hijira, shi ne kuma ya fi ƙarancin hujjar kimiyya a kan abin da zai yi wa mutanensa magani.

Ba a kwafo Ibadan a manna a Kano

Akwai mai cewa tunda an gwada a Ibadan ya yi, sai kawai a aiwatar a ko'ina. Wannan gajeren lissafi ne. Mai kula da mara lafiya a Arewa shi ne malamin ruƙiyya, da mai rubutun sha, da mai maganin gargajiya, da ɗan bori a wasu wuraren, kuma kowannensu na da irin fahimtarsa ta iska da aljani da sammu. Yadda malamin ruƙiyya zai karɓi ma'aikaciyar jinya a zaurensa, da wanda zai shiga tsakani, hakimi ne ko limamin Juma'a ko hukumar Hisbah, tambayoyi ne da sai an gwada a ƙasa za a san amsarsu. Haka batun matan aure da ba sa fita sai da izini, wanda ya sa tsarin Pakistan na shiga gida-gida zai iya fin bencin Harare dacewa.

Ga kuma harshe. Bahaushe ba ya zuwa asibiti ya ce yana da ciwon damuwa. Zai ce zuciyarsa na bugawa, ko kansa na zafi, ko tunani ya yi masa yawa, ko jikinsa ya mutu. Ma'aikacin da ba a horar ba zai rubuta masa maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot, ya sallame shi, ya dawo bayan mako biyu da ciwonsa. Tsara tambayoyin gwaji da kalmomin da mutane ke faɗa da bakinsu aiki ne da likita da masanin harshe da masanin zamantakewa za su yi tare, kuma jami'o'in Arewa na da dukkansu a harabar guda.

Akwai kuma ƙorafin da bai kamata a raina ba: cewa aiki da masu gidajen magani tamkar halatta musu abin da suke yi ne, alhali a cikinsu akwai waɗanda suka azabtar da mutane har da cin zarafin yara. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na Nuwamban 2019, bayan ziyartar wurare 28, ya nuna cewa ɗaure marasa lafiya ya zama ruwan dare, har a wasu cibiyoyin gwamnati. Gaskiya ne haɗin gwiwa ba ya maye gurbin hukunci, kuma wanda ya azabtar da mutum kotu ce ta dace da shi. Amma samame kaɗai na tura sana'ar zuwa bayan gari ne, inda babu mai gani. Rajista da ziyara ta a kai a kai da sharaɗin kwance mari su ne ke ba hukuma ido a cikin gidan, su kuma bambance mai neman taimakon mutane da mai cin zalinsu.

Inda kuɗin gida yake

Ba a rasa hanyoyin kuɗi a cikin gida ba. Asusun TETFund na da sashen tallafin bincike na ƙasa da malaman jami'a ke nema kowace shekara, kuma babu abin da ya hana shi ware kaso ga gwajin da zai haɗa jami'o'i biyu ko uku na Arewa da tawagar Ibadan, wadda ta riga ta san hanya. Irin wannan haɗin gwiwa na cikin gida ya fi arha, kuma ba ya jiran sakamakon zaɓen wata ƙasa. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, wanda ke isa dubban ƙananan asibitoci. Magungunan taɓin hankali da farfaɗiya da damuwa na asali tsofaffi ne masu sauƙin kuɗi. Tabbatar da cewa suna kan kantar waɗannan asibitoci, kuma hukumomin inshorar lafiya na jihohi suna biyansu, shawara ce da kwamishina zai iya yankewa a ofishinsa.

Abin da ya kamata ya sauya a ɓangaren jami'o'i shi ne lokacin da ake gayyatar gwamnati. Idan aka kira kwamishinan lafiya ranar taron bayyana sakamako, zai yi jawabi ya tafi. Idan hukumar lafiya matakin farko ta jiha ta shiga tun ranar tsara gwajin, ta sa ma'aikatanta da wani kaso na kuɗinta, ta kuma rattaba hannu cewa za ta faɗaɗa aikin idan ya yi nasara, to sakamakon ya zama nata. Su ma waɗanda suka taɓa fama da larurar suka warke, da iyalansu, sun fi kowa sanin inda tsarin ke yoyo, kuma sabbin ayyukan bincike a Afirka sun fara sa su cikin masu tsarawa.

Akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo. Sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Matashin da ya tsira daga irin wannan hali likita yake buƙata, amma tsoron 'yan sanda kan sa iyalinsa su ɓoye shi a ɗaki. Majalisun dokokin jihohi na da ikon gyara wannan sashe.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma 'yan takara za su sake yin alƙawarin yaƙi da shaye-shaye a gaban taron matasa, kamar yadda suka yi bayan hana sayar da maganin tari mai kodin a 2018. Tambayoyin da za a iya yi musu ƙanana ne, masu amsa da lamba: nawa jihar ta ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa a kasafin bana, nawa aka saki, ƙananan asibitoci nawa ne ke da ma'aikacin da aka horar, kuma wace jami'a ce ke auna ko aikin na yi? Kasafin kuɗin jihohi da yawa yanzu na kan intanet, duk mai waya zai iya dubawa kafin ɗan takarar ya hau mumbari.